Tutar da Birgit ta Ɗinka

Ruwa mai haɗe da ƙanƙara yake zuba a filin wasa na garin Wernsfelde, irin wanda yake shiga ta wuyan riga ya gangara gadon baya, amma ba sanyin ba ne yake damun Malte Brandhorst a bakin raga. Shirun da ke bayansa ne! Tun ranar da ya fara tsaron gida a ƙungiyar garin, wadda take fafutuka a rukuni na huɗu na gasar ƙwallon ƙafa, bai taɓa tsayawa a gaban 'Yan Shinge, magoya bayan da suke cika bayan raga, ya rasa jin ganga tana dukan ƙirjinsa ba, ga Kalle jagoransu a saman shingen waya da lasifika a hannu yana rangaɗa sunansa. Yau babu ganga, babu waƙa. Ya waiga a sace, sai ya ga ƙeyoyi kawai... maza da mata, dattawa da samari, kowa ya juya masa baya. In ƙwallo ta yi wancan gefe sai su juyo su kalli wasa, da zarar ta taɓa hannunsa sai su sake juyawa kamar sun ga mushe. Shingen kansa tsirara yake, doguwar tutar nan ja da fari da ake shimfiɗawa a jikinsa kowane wasa babu ita babu dalilinta. Malte ya share ruwan idonsa da bayan safar hannu, ya ce a ransa, “Wai me ya faru? Rasuwa aka yi ban ji ba? Ko da shugabannin ƙungiya ake fushi?” Ya kira mai tsaron bayan da ke kusa da shi, wanda suka taso tare tun ƙungiyar yara, shi ma ya kau da kai kamar bai ji ba.

Duk da haka ya tsare ragarsa kamar ransa, har fenareti ya ture, aka tashi sun yi nasara da ci ɗaya mai ban haushi. 'Yan wasa suka jeru za su je gaban shinge su gaida magoya baya, hannu cikin hannu kamar yadda aka saba. Malte ya miƙa hannun dama, babu wanda ya kama. Ya miƙa na hagu, nan ma iska ya damƙa. Sai ga Kalle ya sauko daga saman waya, ƙaton mutum mai farin gemu, idanunsa jajur kamar wanda ya kwana yana kuka.

“Cire rigar,” in ji Kalle.

Malte ya yi murmushin wanda bai gane ba. “Baba Kalle, wace rigar?”

“Kar ka ƙara ce mini baba! Cire rigar ƙungiyar nan ka ajiye a ƙasa, ba ta dace da jikinka ba!”

“Amma... amma ai mun ci! Ba ka ga fenaretin ba? Don Allah me na yi?”

“Ji munafuki, wai me ya yi!” wata mata ta kwatsa daga sama. Wani ya wurgo kofin giya ya fashe masa a ƙirji. Allah sarki, yaron nan ya tsaya yana kallon fuskokin da ya sani tun yana rarrafe, ya rasa guda ɗaya mai tausayi. Ya tuɓe rigar, ya ninke ta a hankali don kada ta taɓa taɓo, ya ajiye a kan ciyawa, ya juya ya ratsa filin nan daga shi sai 'yar shara, ƙanƙara tana dukan kafaɗunsa, hawaye suna bin ruwan sama ba mai iya rarrabewa.

Wanda bai san Malte ba zai ce rigar ƙwallo ce kawai. Ina! Mahaifinsa Uwe shi da Kalle ne suka kafa 'Yan Shinge tun suna samari masu aikin masana'antar ƙarfe, mahaifiyarsa Birgit kuwa ita ta ɗinka tutar nan da keken ɗinkinta a ɗakin girki, tana da cikin Malte, ƙyallen ya cika ɗakin har ya fita baranda. Uwe ya rasu a hatsarin mota a hanyar dawowa daga wani wasan waje, Malte bai shiga makaranta ba tukuna. Ciwon daji ya bi Birgit ya ɗauke bayan 'yan shekaru. Sai ƙanen uban, Baffa Detlef, mai kamfanin rufin gidaje, ya ɗauki maraya, gari ya yi ta sa masa albarka. Abin da gari bai gani ba shi ne ɗan ɗakin da ke saman ma'ajiyar kaya inda aka ajiye yaron, da buhunan da yake ɗauka kafin ya tafi makaranta, da tsofaffin takalman Torben, ɗan Detlef na cikinsa, da yake tura wa takarda a baki don su zauna a ƙafa. Malte bai taɓa kai ƙara ba. Shi da Torben duk raga suka zaɓa, suka girma suka shiga ƙungiyar manya ta garin tare, sai dai Malte ne yake kamawa, Torben yana ɗumama benci kakar wasa bayan kakar wasa, alhali sunan kamfanin ubansa ne a rubuce a ƙirjin rigar kowane ɗan wasa. Ni dai tun can murmushin Detlef bai taɓa kwanta mini ba, mutum ne mai dariya da haƙora, idanun kuwa ba ruwansu.

Washegari Malte ya je atisaye ya tarar an kwashe kayansa daga ɗakin canza kaya an zube a bakin banɗaki. Ya shiga wurin koci Pohlmann, wani siririn mutum da ba ya son rigima ko ta sisin kwabo.

“Koci, don girman Allah ka gaya mini laifina.”

Pohlmann ya ƙura wa allonsa ido. “Ka ɗan huta, Malte. Daga yau Torben ne zai kama. Kai ka riƙa atisaye da matasa zuwa ƙura ta lafa.”

“Wace ƙurar? Ni fa ban san komai ba!”

“Kai ma ka sani. Ja mini ƙofar in ka fita.”

Haka ya yi ta yawo a garin nan kamar wanda aka ɗaure wa ido. Mai gidan burodi ya ce burodi ya ƙare, ga shi jibge a bayansa. Direban bas ya gan shi yana gudu ya rufe ƙofa. Wayarsa ta cika da zagi, kowa yana ce masa maci amana, babu wanda ya ce amanar wa. Sai da ya ƙarasa rumfar Iya Hedwig, tsohuwar da take gasa nama a bakin filin wasa, ƙawar mahaifiyarsa, sannan ya samu mai buɗe baki. Ta jawo shi bayan rumfa, ta tura masa burodi da nama mai zafi a hannu.

“Ci tukuna, ɗan nan, ka zama kamar tsinke. Wai da gaske ba ka sani ba?”

“Iya, na rantse da kabarin Mama ban sani ba.”

Ta sauke ajiyar zuciya. “Tuta ce. An sace ta daga ma'ajiyar filin wasa, ba a fasa ƙofa ba, ba a karya kwaɗo ba. Tana hannun mutanen Kaltenried.”

Burodin ya suɓuce daga hannunsa. Kaltenried! Garin da ke tsallaken kogi, waɗanda ko sunansu ba a faɗa a Wernsfelde sai an tofar da yawu. Ko yaron goye ya san doka: ƙungiyar magoya bayan da abokan gaba suka ƙwace tutarta ta mutu ke nan, sai dai ta watse, ba ta da bakin sake yin waƙa a ko'ina. Iya Hedwig ta zaro wayarta daga aljihun rigar girki ta nuna masa hoton da yake yawo a gari. Ga Malte tsaye a bayan motar kamfanin baffansa, yana dariya, yana musabaha da wani mai sanƙo, a ƙafafunsu kuma wani dogon abu ne a naɗe cikin baƙar leda.

“Wannan mai sanƙon Ronny ne, jagoran magoya bayan Kaltenried,” in ji ta. “Me ya haɗa ka da shi?”

Duniya ta juya wa Malte. Ya tuna ranar sarai! Baffa ne ya kira shi bayan atisaye ya ce direba ba shi da lafiya, ya taimaka ya kai wa wani mai gini ledar rufi a tsallaken kogi, an riga an loda a mota. Ya kai, mutumin ya karɓa yana ta washe baki, Malte da kansa ya kama masa suka sauke, har yana ce masa a yi hankali kar ruwa ya taɓa. Ya dubi tafin hannuwansa kamar ba nasa ba. “Iya... ni na kai ta. Da hannuna na kai ta! Wayyo Mama... amma leda ce, ledar rufi aka ce mini! To wa ya ɗauki hoton? Ni kaɗai na je... ko ba ni kaɗai ba ne? Iya, kaina zai fashe!” Tsohuwa ta rungume shi, ya kifa kai a kafaɗarta mai ƙanshin hayaƙi yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Ko a lokacin zuciyarsa ba ta kawo masa mugun zato ba. Cewa ya yi kuskure ne aka yi wajen lodi, Baffa zai warware komai da magana ɗaya. Ya tarar da Baffa da ɗansa a teburin cin abincin yamma, burodi da cuku da dankali a gabansu, Torben yana ta danna waya.

“Baffa, ka cece ni! Kayan da ka aike ni da su Kaltenried, ashe tuta ce a ciki. Ka zo mu je wurin Baba Kalle ka gaya masa kai ka aike ni.”

Detlef ya aje wuƙar da yake shafa man shanu da ita, ya dube shi a natse. “Wane aike?”

“Ledar rufi, Baffa! Ranar da direba ba shi da lafiya!”

“Direbana lafiyarsa ƙalau, je ka tambaye shi. Ni da Kaltenried? Ko ƙusa ɗaya ban taɓa sayar wa mutanen can ba. Ashe satar motata kake yi kana zuwa cin amanar ubanka?”

“Haba ɗan'uwa,” in ji Torben ba tare da ya ɗago ba, “ka yi abin kunya kuma ka ce za ka shafa wa tsoho? Bayan duk abin da ya yi maka?”

Malte ya dubi wannan, ya dubi wancan, bakinsa a buɗe. Yadda Baffa ya yi maganar cikin kwanciyar hankali, sai da shi kansa ya fara shakkar ƙwaƙwalwarsa. Anya kuwa an yi aiken nan? Ko mafarki ya yi? Ko ƙwallon da ta taɓa bugunsa a ka ce ta taɓa masa hankali? Detlef ya miƙe ya nuna ƙofa. “Na ci da kai, na sha da kai, na rufa maka asiri, sakayyata ke nan. Tattara tsummokaranka ka bar mini gida. Da Uwe yana raye da baƙin cikinka ne zai kashe shi.”

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta fi komai ciwo. Ya fito da jaka ɗaya da safar hannunsa, Iya Hedwig ta shimfiɗa masa katifa a ɗakin da take ajiye albasa, ita ma daga ranar cinikinta ya ragu, don an ce tana ɓoye maci amana. Ya je mashayar 'Yan Shinge don ya yi bayani, ya tarar an sauke hotuna daga bango, Kalle yana zaune shi kaɗai ya dafe kai. Bai gama cewa “Baffa ne ya...” ba Kalle ya daki tebur. “Detlef? Mutumin da ya raine ka, wanda yake saya wa ƙungiya riguna? Kai, rashin kunyarka ta kai nan? Uwarka da ciki ta ɗinka tutar nan, yatsunta duk huda! Fita kafin in manta ɗan waye kai!” Samari suka ɗauke shi cak suka watsar a titi. Ya nemi wata ƙungiya a rukuni na biyar, can nesa, suka ce magoya bayansu ba za su yarda ba, labari ya riga shi isa. Kwantiraginsa kuma ƙarshen kaka zai ƙare, kowa ya san ba za a sabunta ba.

Ranar Lahadi ya je maƙabartar coci ya tarar an ɗauke furannin da ya ajiye a kabarin iyayensa an jefa a kwandon shara. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. “Mama, Baba, ku yafe mini... hannuna ne ya ɗauka, amma zuciyata ba ta sani ba. In na yi laifi ban gane shi ba, in ban yi ba me ya sa kowa ya gan shi sai ni? Ya Ubangiji, kai ne uban marayu. Ban roƙe ka ɗaukaka ba, ban roƙe ka babbar ƙungiya ba. Ka wanke ni kawai a idon mutanen babana, ko da daga ranar ba zan sake taɓa ƙwallo ba!” Ya daɗe a nan yana sheshsheƙa, har mai sharar maƙabarta ya zagaye shi ya wuce. Da safe kuma ya tashi ya tafi atisaye da matasa, ya faɗi ya tashi cikin taɓo, bai fasa ko sau ɗaya ba. Iya Hedwig takan ce masa, “Yi haƙuri, ɗan nan, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya.” Shi dai sai ya gyaɗa kai, don bai ga alamar furen zai kaɗe ba.

Bazara ta shigo, wasan hamayya ya zo: Kaltenried za ta baƙunci Wernsfelde. 'Yan Shinge sun sanar cewa wannan ne wasansu na ƙarshe, daga shi sun watse. Mai tsaron gida na uku ya karye a yatsa, dole koci Pohlmann ya sa Malte a benci, ya zauna can ƙarshe shi kaɗai, an bar tazara tsakaninsa da sauran. Fili ya cika maƙil, 'yan sanda sun jeru, Detlef yana zaune a rumfar manya da jan gyale a wuya, kusa da wani baƙo da aka ce wata babbar ƙungiya ce ta turo shi neman mai tsaron gida. Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci. Da aka dawo aka sauya gefe, Torben ya koma ragar da take gaban baƙi, bayansa 'yan taku kaɗan daga shingensu.

Can sai gangar Kaltenried ta tsaya. Hannuwa suka ɗaga wani dogon abu, suka warware shi a jikin waya, kai a ƙasa. Ja da fari! Wani irin nishi ya fita daga ɓangaren 'Yan Shinge kamar an soki mutum guda. Malte ya miƙe tsaye bai sani ba, yana hango ɗinkin mahaifiyarsa a rataye a juye. Ronny mai sanƙo ya hau waya da lasifikarsa. Shi ba gaskiya ce ta dame shi ba, kada ma wani ya yaba masa, so yake kawai ya rikita mai tsaron gidan da ke gabansa su samu ci, ya kuma ƙara wa Wernsfelde gishiri a ciwo. Filin rukuni na huɗu kuwa ba girma gare shi ba, in an yi tari a wannan gefe ana ji a wancan.

“Torben! Kai Torben, ɗan gidan mai rufi! Juyo mu gaisa mana! Ka gaida mana babanka, ka ce saƙo ya iso lafiya! Mu da muke shirin fasa ƙofa, sai ga kaya har gida, a mota, kyauta! Wernsfelde, haka kuke? Kuna ba da tutarku don ɗan gata ya samu raga?” Mutanensa suka kwashe da dariya. “Shi kuwa direban naku, bawan Allah, bai ma san abin da ya ɗauko ba! Har cewa yake mu yi hankali kar ruwa ya taɓa! Kai kuma kana laɓe bayan shinge kana ɗaukar hoto! Ku taya ni: mun gode Detlef! Mun gode Torben!”

Ɓangaren baƙi gaba ɗaya ya ɗauka da tafi da ganga: “Mun gode Detlef! Mun gode Torben!”

Da Torben ya daure ya yi kunnen uwar shegu, wataƙila da an ce sharrin abokan gaba ne. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as! Ya bar ragarsa ana tsakiyar wasa, ya ruga ya cakumi waya yana jijjigawa, Ronny kuwa, shu'umi, ya saukar da lasifikar daidai bakinsa. Muryar Torben ta karaɗe filin nan kaf: “Ka yi alkawari! Ka yi wa babana alkawari ba za ka faɗa ba!”

Tsit! Ko ganga ta yi shiru. A cikin shirun nan wani ɗan wasan Kaltenried ya gangara ƙwallo cikin ragar da babu kowa, ba wanda ya ko yi murna. Torben ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya ɗauki gorar ruwa ya jefi Ronny, alƙalin wasa ya zaro jan kati. A rumfar manya kowa ya juyo yana kallon Detlef, fuskarsa ta yi fari fat, baƙon da ke kusa da shi ya tashi ya sauya kujera.

Malte yana tsaye kamar an dasa shi. Kunnensa ya ji, kansa ya ƙi ɗauka. Baffa? Torben? Da gangan? Koci Pohlmann ya zo ya dafa shi. “Malte... sa safarka. Don Allah.” Ya sa, ya nufi raga yana tafiya kamar mai maye. Kafin ya isa ya hango hayaƙi: mutanen Kaltenried sun cinna wa gefen tutar wuta, kamar yadda ake yi wa duk tutar da aka ƙwace. A nan ne ruɗun ya sake shi. Ya kwasa da gudu, ya wuce ragar, ya daka tsallen da bai taɓa yi wa wata ƙwallo ba, ya damƙo gefen ƙyallen da ke lilo ta wajen fili, ya fizgo da dukan nauyinsa. Igiyoyi suka tsinke, ya faɗo da ita, ya bi wutar yana dannewa da tafin hannu, safar tana narkewa tana kama fatarsa, shi bai ma ji ba. “Ta Mamana ce! Ta Mamana ce!” yake ta faɗa, kofuna suna sauka a bayansa.

Ya naɗe ta a ƙirji, kusan rabinta ya ƙone, ya ratsa filin tun daga wannan raga har waccan. Alƙalin wasa ya sa usur a baki, sai kuma ya cire. Kalle ya tsallako waya, ƙaton nan da shekarunsa, ya zube a kan gwiwoyinsa a ciyawa yana kuka wiwi, gemunsa ya jiƙe.

“Malte... ɗan Uwe... na ci amanar abokina! Ka zo har gabana da gaskiyarka na sa aka jefar da kai a titi. Da wane ido zan dube ka?”

“Tashi, Baba Kalle, don Allah tashi, mutane suna kallo. Ga ta nan. Ban iya ceto duka ba... ka yi haƙuri.”

“Ji yaron nan, wai ni zan yi haƙuri!” Kalle ya rungume shi da tutar gaba ɗaya, 'Yan Shinge suka fashe da kuka, manya-manyan ƙarti suna share majina da gyale, matar nan da ta kira shi munafuki ta toshe bakinta da hannu biyu. Aka ɗaura tutar a inda take, da ƙunarta da komai. Tutar da ta dawo gida ba ta mutu ba, ƙungiya ba za ta watse ba. Likita ya ce Malte ba zai iya kamawa da hannun nan ba, ya ce a naɗe kawai. Aka naɗe, ya ari safar wani, ya tsare ragar har ƙarshe, kowace ƙwallo ya kama sai ya cije leɓe. Wernsfelde da mutum goma suka farke ana dab da tashi, aka tashi kunnen doki, amma ranar ba wanda ya damu da sakamako.

Ramin mugunta dai an ce a gina shi gajere. Ƙungiya ta kori Torben, ta haramta wa uban da ɗan shiga filin har abada, aka ɓamɓare sunan kamfanin daga ƙirjin riguna. A gari kamar Wernsfelde kuwa, wa zai sake kiran Detlef ya rufa masa gida? Ko kwanonka yana yoyo gara ka tara bokiti. Ma'aikatansa suka gudu, matarsa ta koma wurin 'yar'uwarta, Torben ya bar garin ba sallama. Malte kuwa aka sabunta masa kwantiragi, aka ɗaura masa ƙyallen kyaftin. Baƙon nan na babbar ƙungiya ya zo har rumfar Iya Hedwig yana nemansa, Malte ya yi godiya ya ce a ba shi kaka ɗaya tukuna a gaban mutanen babansa, baƙon ya ce ko biyu ne za su jira. Layin masu sayen nama a rumfar Iya kuwa sai da ya kai bakin titi.

Abu ɗaya ne ya ƙi barin zuciyar Malte, ya juya shi ya juya bai samu kansa ba. Wata ranar kasuwa, hannuwansa ba su gama warkewa ba, ya hango Detlef zaune a bencin tashar bas, ya rame, gemu ya yi buzu-buzu, mutane sun bar masa bencin shi kaɗai. Iya Hedwig ta ja hannun rigarsa su wuce, ya ce ta ɗan jira. Ya je ya tsaya a gabansa.

“Baffa, ina wuni.”

Detlef ya ɗago a firgice. “Ka zo ka yi dariya ne? Yi abinka.”

“A'a, Baffa. Tambaya ɗaya ce take hana ni sukuni. Na yi ta bincikar kaina tun ina yaro, ko na taɓa yi maka rashin kunya, ko na ƙi aikenka, ko na ɗauki abin da ba a ba ni ba... ban gano ba. Don Allah ka gaya mini, in roƙi gafara. Me na yi maka?”

 Tsohon ya dubi naɗaɗɗun hannuwan nan, sai hawaye suka ɓalle masa.

“Ba ka yi komai ba,” ya ce da ƙyar. “Na ba ka tsofaffin takalma, na saya masa sababbi, ka fi shi. Na sa ka ɗaukar buhu don ka gaji, ka ƙara ƙarfi. Ka fi ɗana iya kamu, Malte. Shi ke nan laifinka... babu wani.”

Malte ya daɗe a tsaye, hawaye suna zuba, yana jiran sauran bayani, amma babu saura. Ashe duk daren da ya kwana yana tuhumar kansa, babu abin da zai gano. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, irin wadda ya daɗe bai yi ba. Ya buɗe ledar da ke hannunsa, ya ciro burodi guda mai ɗumi ya ajiye a kan bencin kusa da baffansa.

“Na yafe maka, Baffa. Ka ci tun bai huce ba.”

Ya juya ya kama hannun Iya Hedwig suka tafi, tsohuwa tana share ido tana mita, wai wannan yaro haƙurinsa ya yi yawa, burodin ma mai tsadar ya bayar. Detlef kuwa ya riƙe burodin nan da hannu biyu yana kuka a gaban duk 'yan kasuwa, ya kasa kai shi baki.